Lambun Bayan Ɗaki A Dogo Nini: Yadda Rarar Kayan Miya Ke Zama Kuɗi

POTISKUM — A kowace shekara, daga watan Maris zuwa watan Mayu, mangwaro yakan nuna a gidajen unguwar Dogo Nini kusan a lokaci guda, kamar dai yadda yakan nuna a sauran unguwannin garin Potiskum da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Magidancin da ke da bishiya ɗaya ko biyu a tsakar gidansa yakan wayi gari da 'ya'yan itacen da suka fi ƙarfin cin iyalinsa. A aika wa maƙwabta, a kai wa surukai, a ba almajirai, amma duk da haka a sami rara. Wannan rara, haɗe da ta zogale da alayyafo da kuɓewa da yakuwa waɗanda matan gida ke shukawa a bayan ɗaki, ita ce hajar wani ɗan ƙaramin ciniki da ba ya shiga littafin kowace ma'aikata, ba a kuma jin labarinsa a taron 'yan kasuwa, alhali kuwa yana rage wa gidaje nauyin cefane, wani lokaci ma har ya biya kuɗin littafi ko na magani.

Dogo Nini ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Potiskum a Jihar Yobe, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Borno ran 27 ga watan Agusta, 1991. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutane 205,876, kuma tun daga wancan lokaci garin ya ƙara cika, musamman da waɗanda rikicin arewa maso gabas ya raba da garuruwansu. Potiskum mahaɗar hanyoyi ce. Daga nan ake bi ta Azare zuwa Kano, ta Darazo zuwa Bauchi da Jos, ta Damaturu mai nisan kimanin kilomita 100 zuwa Maiduguri, akwai kuma hanyar Gashuwa da ta Gombe. Kasuwar shanunta, wadda ke ci ran Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga ɗimbin manyan motocin dakon kaya da garin ya yi suna a kansu. Garin da ke tara fatake da direbobi da 'yan kamasho haka, gari ne mai yawan bakin ci, watau mai lambu ba zai rasa mai saye ba. Sai dai hanyoyin da ke kawo masu saye su ne kuma ke kawo kayan gwari daga manyan fadamu, kuma a nan ne matsalar mai ɗan lambun gida take.

Abin da ya dawo da batun

Kiran jama'a su yi shuka a bayan gida ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Shirin Ciyar da Ƙasa na gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo a 1976 ya buƙaci ma'aikata da makarantu da barikoki kowa ya yi lambu. A 1987 shirin kyautata rayuwar matan karkara na Hajiya Maryam Babangida ya sake tayar da maganar, kuma a 2024 uwargidan shugaban ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta sa gasar lambu a kowane gida. Shirye-shiryen sukan zo su wuce. Abin da ke sa magidanci ya ɗauki fartanya da gaske shi ne farashin kasuwa.

Bisa ga alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a 2019 kashi 56.65 cikin 100 na abin da gidajen Nijeriya suka kashe ya tafi ne a kan abinci. Binciken talauci na hukumar a wannan shekara ya nuna cewa kashi 40.1 cikin 100 na jama'ar ƙasar suna ƙasa da layin talauci na Naira 137,430 a shekara, a Jihar Yobe kuwa adadin ya zarce kashi 72. Bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan da ya biyo, kuɗin mota ya ninka, har hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yunin 2024. A watan Yulin wannan shekarar ne aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000.

Ma'anar waɗannan alkaluma ga mai lambun gida ita ce, kuɗinsa na farko ba a kasuwa yake samunsa ba. Duk ɗaurin alayyafon da uwargida ta yanka a bayan ɗaki ta sa a tukunya, ta same shi ne a kan farashin mai kasa kaya a bakin titi, farashin da ya ƙunshi kuɗin mota da la'adar dillali da ribar ɗan gwari. Amma in ta aika da irin wannan ɗauri kasuwa, farashin sari za a ba ta. Saboda haka lissafi mai kyau yakan fara ne da ƙosar da tukunyar gida, abin da ya ragu shi ne haja. Gidan da ya sayar da kuɓewarsa ɗanya da arha a watan Satumba, ya koma yana sayen busasshiya da tsada a watan Afrilu, ya yi ciniki sau biyu, ya kuma faɗi sau biyu.

Ranar da kowa ke da kaya

Babbar illar kayan lambu ita ce ba sa jiran mai saye. Mai buhun gero yana iya jingine shi a ɗaki har farashi ya yi masa daɗi, amma mai kwandon tumatir kwana biyu ko uku gare shi, a zafin bazara ma ba ya kaiwa. Daɗin daɗawa, ranar da bishiyarsa ta nuna, ta maƙwabcinsa ma ta nuna, ranar da kuɓewarsa ta yi 'ya'ya da damina, kowane kangon unguwa kuɓewa ce. Kaya sun yi yawa, masu saye ba su ƙaru ba, ga shi mai kaya ba shi da ikon cewa ya fasa sayarwa. Duk ɗan kasuwa ya san inda farashi ke nufa a irin wannan hali.

Tumatir shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da amfanin noman rani ke fitowa daga Kadawa da Kura a Jihar Kano, da fadamun Haɗejiya, da gaɓar kogin Komadugu Yobe wajen Gashuwa da Gaidam, motoci kan cika kasuwanni da tumatir da tattasai da albasa, farashi ya faɗi warwas. Tun da aka fara Shirin Fadama na ƙasa da rancen Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, wanda ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban-ruwa a hannun manoma, wannan ambaliyar kaya ta ƙara ƙarfi. A waɗannan watanni, mai fangali biyu na tumatir a Dogo Nini da ke sayen ruwa a jarka ba shi da hanyar yin gogayya da manomin da ke jan ruwa daga kogi. Sau da yawa ma sayen tumatir ya fi masa arha a kan nomansa.

Daga watan Mayu zuwa Yuli kuwa al'amarin yakan juya, tumatir ya yi wuya, farashi ya yi sama. A nan ne kuɗi yake, amma a nan ne kuma noman yake da wuya, domin furen tumatir yakan zube in zafi ya wuce digiri 35, abin da ba baƙo ba ne a Potiskum a watannin Afrilu da Mayu. Ga kuma tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir na arewa a 2016 har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin, masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa kuma ta dakatar da aiki jim kaɗan bayan buɗe ta saboda rashin kaya. Tsutsar ta sake ɓarna a 2023 da 2024. Ba ta bambanta babbar gona da ɗan fangalin bayan ɗaki.

A ganin wannan shafi, abin da ya kamata mai lambun gida ya tambayi kansa kafin ya sayi iri shi ne: wane kaya ne mota ba ta iya kawowa da kyau? Amsar ita ce ganye. Alayyafo da lalo da rama da yakuwa da salak da ɗanyen zogale sukan yi yaushi cikin yini guda, ba sa jure tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku a bayan mota cikin rana. Wanda ya yanka da asuba ya kai wa mai abinci kafin hantsi yana da abin da babban manomi na nesa ba shi da shi, watau kusanci. Har ila yau ganye yana saurin maido da jari. Alayyafo yakan isa cira cikin mako uku zuwa huɗu, kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu, zogale kuwa in ya kama ƙasa ana yi masa aski ya sake tofowa shekara da shekaru, kuma ba shi da yawan son ruwa. A ɓangaren itatuwa, gwanda takan ba da 'ya'ya cikin shekara guda, gwaiba shekara biyu zuwa uku, mangwaro mai aure shekara uku zuwa huɗu, alhali wanda aka shuka daga ƙwallo yana iya ɗaukar ninkin haka. Cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, NIHORT, mai hedkwata a Ibadan, tana da rassa a Bagauda ta Jihar Kano da Dadin Kowa ta Jihar Gombe, waɗanda su ne mafiya kusa ga mai neman shawara a kan ingantaccen dashe daga Potiskum.

Zogale ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga sun nuna iyakar inda zai iya kaiwa. A Jiratawa kusa da Maraɗi, da lambunan bakin kogin Kwara a kewayen Yamai, ana noman zogale gona guda don sayarwa, ana cika buhuna da ganyensa ɗanye da busasshe, kuma buƙatarsa takan hau ƙwarai a watan azumi. Abin da a gidajenmu ake ɗauka shingen bayan gida ne kawai, a can sana'a ce mai dillalai da 'yan sari.

Lissafin ruwa

Duk wanda ya ce lambun gida kyauta ne, bai sayi ruwa ba. Damina a wannan yanki wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watanni takwas kuwa sai ban-ruwa. A lokacin zafi da iska, kowane murabba'in mita na fangalin ganye yakan sha lita 6 zuwa 8 a yini. Fili mai murabba'in mita 10, watau kamar faɗin ƙaramin ɗaki, yana bukatar lita 60 zuwa 80, jarka uku zuwa huɗu ke nan masu cin lita 20.

Alal misali, a ɗauka ɗan garuwa yana sayar da jarka Naira 100, kowa kuma ya sa farashin unguwarsa a madadin wannan. Jarka huɗu a yini Naira 400 ne, a wata Naira 12,000, kusan kashi ɗaya cikin shida na mafi ƙarancin albashi. Sai fangalin ya fitar da ganyen da ya kai wannan adadi a wata kafin a fara maganar kuɗin iri da taki, balle ladan wanda ya yi wahala. Wannan ne dalilin da ya sa lambun rani yakan yi riba a gidan da ke da rijiya ko burtsatse, ko mai maƙwabtaka da famfon da ke kawo ruwa, ya kuma zama hasara a gidan da kowane ɗigo sai an saya. Magidancin da bai taɓa rubuta abin da yake kashewa a ruwa ba yana iya shekara yana murnar cinikin da a haƙiƙa albashinsa ne ke tallafa masa.

Akwai hanyoyin rage wannan kuɗi. Ruwan alwala na gida mai mutum goma, sau biyar a yini, da ruwan wanke shinkafa da na ɗauraye kwanuka, ya isa ya riƙe gwanda da zogale da lemun tsami in an yi masa ɗan magudani zuwa gindinsu maimakon ya bi rariya ya fita titi. Ruwan sabulu mai yawa dai a bar wa manyan itatuwa, kada ya taɓa ganyen da za a ci ɗanye. Rufe gindin shuka da ciyawa ko ɓawon gyaɗa yana rage ƙafewar ruwa, haka nan yin ban-ruwa da yamma ko da asuba. Sa'an nan akwai shuka a buhu ko tsohuwar roba ko taya, wadda ta dace da gidajen haya da waɗanda aka shafe tsakar gidansu da siminti. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta fara yaɗa irin waɗannan ƙananan lambuna a Dakar ta ƙasar Senegal a 1999, ta kuma raba iri da kayan aikinsu ga gidaje a jihohin Borno da Yobe da Adamawa a shekarun rikici, ta ƙiyasta cewa murabba'in mita ɗaya yana iya ba da kan salak 36 a kowane kwana 60, ko albasa 100 a kwana 120, da ruwan da bai wuce lita 3 a yini ba. Dakar dai gari ne na bakin teku mai sanyin iska, don haka mai lambu a Potiskum ya sa ran zai kashe fiye da haka a bazara. Game da taki kuwa, garin da ke da kasuwar shanu irin wannan bai kamata mai lambunsa ya dogara ga takin zamani ba.

Sayen lokaci

Tun da yake illar hajar ita ce saurin lalacewa, duk dabarar da ta ƙara mata kwana ta ƙara wa mai ita ƙarfin ciniki. Ƙiyasin da masana suka daɗe suna ambata shi ne, kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya yana lalacewa kafin ya kai tukunya.

Dabarar da ta fi dacewa da gida an fito da ita ne a maƙwabciyar jiha. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, shi ne a tsakiyar shekarun 1990 ya yaɗa tukunya cikin tukunya. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a zuba kaya a ta ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yashin ke ƙafewa ta jikin tukunyar waje, sai ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. A gwaje-gwajensa, yalo ya kai kwana 27 a maimakon uku, tumatir da tattasai suka kai mako uku, alayyafo kuma kwana 12 a maimakon yini guda. Wannan aiki ya samo masa lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. Dabarar tana aiki sosai a inda iska take a bushe, watau daidai yanayin Yobe da rani, takan kuma yi rauni da damina. Abin mamaki ne a ce bayan shekaru kusan 30, ga masu ginin tukwane a kasuwanninmu, amma ba kowane gida mai lambu ne ke da ita ba.

Ga manyan kasuwanni akwai ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin na kamfanin ColdHubs da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a Owerri a 2015, wanda ya fara da karɓar Naira 100 a kan kowane kwandon roba a kwana. Wannan harka ce ta mai jari, kuma fage ne da attajiran Potiskum, waɗanda suka saba zuba kuɗi a manyan motoci, za su iya dubawa.

Sai kuma shanya, wadda iyayenmu mata suka gada tun kaka da kakanni. Kauɗa da busasshiyar kuɓewa da barkono da tattasai da ganyen zogale da furen soɓorodo duk suna yin watanni. Sai dai a san lissafin. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin tumatir ruwa ne, saboda haka kilo 100 na ɗanye ba ya ba da kilo 10 na kauɗa. Ribar tana cikin tazarar farashi tsakanin watan Fabrairu da watan Yuni, da kuma tsabta. Kauɗar da aka shanya a ƙasa ko a gefen kwalta takan kwashi yashi da ƙura, ta yi baƙi, a saye ta da arha. Wadda aka shanya a kan tabarma ko raga a bisa gado, aka rufe da yadi mai shara-shara, takan fito ja, kuma matan ma'aikata za su biya ƙari a kanta. Ganye kuwa a inuwa ake shanya shi domin kada ya rasa launinsa. Tattasan yankin Diffa a Nijar, wanda ake shigowa da shi kasuwannin arewa a bushe buhu-buhu, shaida ne cewa busasshen kayan miya haja ce ta fatauci sosai.

Wa ke sayarwa, wa ke saye

Yawancin wannan ciniki a hannun mata yake, kuma a cikin gida ake yinsa. Masaniyar tattalin arziki 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta kira irinsa ɓoyayyen ciniki, domin ta lura cewa hada-hadar da matan aure ke yi daga ɗakunansu, ta hannun yara, tana gogayya da ta kasuwar fili. Har yanzu haka abin yake: maƙwabciya ta aiko yaro da kuɗi a ba shi yakuwa ta miyan dare, ko a dafa zogale a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli a ɗora wa yarinya talla. Kwaɗon ya fi ɗanyen ganyen kawo kuɗi nesa ba kusa ba, domin an ƙara masa aiki. Amma in tallar ta ci lokacin makaranta, to gidan yana sayar da abu mai tsada ne domin ya sami mai arha, kuma wannan hasara ba ta bayyana a lissafin yini. Shi kansa Bah Abba yana cikin dalilan da ya bayar na aikinsa cewa in kaya suna iya kwana, ba dole ne a fitar da yarinya talla kullum ba.

Hanyar da ta fi tsari ita ce a sami tsayayyen mai saye. Masu tuwo da shinkafa a tashoshin mota da bakin kasuwar shanu, masu tsire da balangu da ke yanka albasa da kabeji kowane dare, masu shayi da ƙwai, masu sayar da abinci a kewayen Kwalejin Ilimi ta Tarayya da babban asibiti, dukansu suna bukatar kaya kaɗan-kaɗan a kowace rana. Abin da suke nema shi ne kada a saɓa musu. Gida ɗaya ba zai iya cika wannan alkawari ba, amma gida biyar ko shida a layi ɗaya, in suka raba kwanakin shuka ta yadda fangalin wannan zai isa yanka bayan na wancan da mako guda, suna iya riƙe mai abinci ɗaya duk rani, su kuma haɗa kuɗin Keke Napep guda. Matan da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da takarda ba, wannan ba zai gagare su ba. Wurin da ake yin tuntuɓe shi ne bashi. Mai abinci takan ce a bari sai ta tashi, gobe ta ce sai jibi, ga kunyar maƙwabtaka. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, tura kuɗi ta waya da na'urar POS sun yaɗu har ga ƙananan masu sana'a, abin da ya rage uzurin rashin canji.

Game da mangwaro, akwai al'adar sayar da bishiya sukutum ga ɗan sari, shi ya kawo masu tsinka ya kwashe. Wannan yana hutar da mai gida daga jifar yara da hasarar faɗuwa, amma farashin yakan yi ƙasa, musamman in buƙatar kuɗi ce ta sa aka sayar tun 'ya'yan suna ƙanana. Malaman fiƙihu ma sun yi magana a nan, domin shari'a ta hana sayar da 'ya'yan itace a bisa kafin alamar nunarsu ta bayyana, saboda jayayyar da kan biyo baya in iska ko tsutsa ta lalata su. Wanda ya jira har suka ƙosa, ya tsinka da hannu a maimakon kakkaɓewa da sanda, ya ware manya daga ƙanana, yakan sami farashi biyu a bishiya ɗaya.

Akwai kuma jarin da mai lambun gida yake da shi wanda ba a saye da kuɗi, watau yardar mai saye. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi game da nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabayid irin na masu walda, a 2019 kuma ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari irin su Sniper a kasuwanni. Jama'a sun fara tambayar inda abin da suke ci ya fito. Mangwaron da maƙwabci ya gani da idonsa ya nuna a bisa, da salak ɗin da aka san da ruwan rijiya aka shayar da shi, suna da daraja ta daban. Amma feshi ɗaya da aka yi yau aka yanka ganyen gobe, ba tare da jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba, ya isa ya kwantar da yaran wani, ya kuma rufe cinikin layin gaba ɗaya.

Kasuwar da ta fi kowace girma ga mai ganye ita ce ta watan azumi, lokacin da kusan kowane gida ke neman salak da zogale da lemun tsami da gwanda don buɗa-baki. Watan yana matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara. A 2024 ya kama a watan Maris da Afrilu cikin tsananin zafi, a 2025 ya fara a farkon Maris, kuma a 'yan shekarun da ke tafe zai riƙa faɗowa ne cikin hunturu. A wannan lokaci salak da kabeji da karas suna yin kyau a gida, amma motocin fadama ma suna kawo su da yawa. Zogalen da ba a ba shi ruwa kuwa yakan kaɗe ganyensa da hunturu, don haka ɗanyensa zai yi wuya a daidai lokacin da ake nemansa. Mai son cin wannan kasuwa sai ya ƙirga baya daga ranar da ake sa ran ganin wata: ya sassabe zogalensa ya fara ba shi ruwa da kimanin mako shida, ya dasa salak da wata guda, ya kuma watsa irin alayyafo kashi-kashi, mako bayan mako, domin yankan ya kai shi har jajibirin salla.